Kujerar Aro a Hawa na Huɗu

Mijina ya yi shekara goma sha ɗaya yana hedimasta kafin mu baro gida mu zo ƙasar waje, kuma har gobe bai sauka daga muƙamin ba, duk da cewa yanzu bas-bas yake wankewa a garejin wani kamfani. Da sassafe zai zura dogon takalmin roba da rigar leda ya fita. Amma ya dawo ya tarar da takalman yara a watse a bakin ƙofa, sai ya harɗe hannu a baya ya yi gyaran murya, kai ka ce taron safe za a yi. Malam nake ce masa har yau. Ni kuwa takardata ba ta ba ni izinin aiki ba, saboda haka mu huɗu duk a kan albashin wankin bas muke rataye.

Ɗaki ɗaya muke haya a hawa na huɗu, da ɗan lungun girki da banɗaki. Labule ne ya raba namu wurin kwanan da na yara. Bangon da ke kusa da taga ya yi baƙi ƙirin da danshi, rufin kuma yana ɗiga a kusurwa, har na ware masa bokitinsa na kansa. Kuɗin hayar wannan akurkin yana cinye fiye da rabin albashin Malam. Akwai gidaje masu sauƙi a can ƙarshen gari, mun sani sarai. Abin da ya zaunar da mu shi ne makarantar da ke layi biyu daga nan, wadda ba ta ɗaukar yaro sai adireshinsa yana cikin unguwar.

'Yarmu ta fari ce ta ci jarrabawar shiga makarantar. Shekararta goma sha uku, kuma ita kaɗai ce a gidan ta iya harshen ƙasar sosai. Ita ke karanta mana wasiƙa, ita ke raka ni asibiti, shi ya sa ubanta ya laƙaba mata Tafinta, sunan kuma ya bi ta. Ranar da sakamako ya fito Malam ya yi ta zagaye ɗakin nan yana cewa jini ba ya ƙarya. Da takardar kuɗin makaranta ta biyo baya sai zagayen ya tsaya cak. Ko mu biya haya, ko mu biya makaranta. Idan muka bar gidan, gurbin ya tafi. Idan muka zauna, babu kuɗin shiga.

Tafinta ce ta gano mafita a bayan takardar, cikin ƙananan rubutun da babu mai karantawa. Makarantar tana yafe wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin gaba ɗaya, amma sai an turo ma'aikaciya ta zo ta ga halin da gida yake ciki. Muka cike fom. Bayan mako biyu amsa ta zo: ranar Laraba, ƙarfe huɗu na yamma.

Malam ya ajiye kofin shayinsa. Na ga idonsa ya yi wani haske da na daɗe ban gani ba.

"Sufeto ke nan," in ji shi.

"Ba sufeto ba ce, Malam. Rashinmu za ta zo gani."

"Ke kin san sufeto ko ni na san shi? Shekara goma sha ɗaya, babu wanda ya taɓa rubuta mini jan biro. Abin da suka rubuta a takarda daban, abin da suke dubawa daban. Tsari suke nema. Wa zai zuba kuɗinsa a kan yarinyar da ta fito daga gidan da ko wurin zama babu?"

"Baba, cewa suka yi masu ƙaramin ƙarfi," Tafinta ta sa baki a hankali.

"Ƙaramin ƙarfi daban, ƙasƙanci daban. Ke dai ki fassara abin da aka ce miki."

Na san yadda yake karɓar sufeto a can gida, don na sha gani. Kwana uku kafin zuwan baƙo za a aiki ɗalibai su aro benci daga makarantar da ke ƙauyen gaba, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, yaran da rigarsu ta yage a ce su huta a gida. Sufeto ya zo ya yaba, ya ci ya sha, ya tafi, a mayar da benci. Haka ya yi ta cin lambar yabo, makarantar kuma ba ta taɓa samun benci ko ɗaya ba, tunda duk wanda ya zo ya ga ba ta buƙata. Na tuna masa wannan. Ya ce mata ba su san aikin gwamnati ba.

A hawa na ƙasa akwai maƙwabcinmu mai gyaran kayan lantarki, muna kiransa Mai Firji. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ke jefa mutum a rami. Malam bai gama yi masa bayani ba ya ce, "Haba Malam, ina raye a ga asirinka a waje?" Ranar Talata da yamma su biyu suka ɗauko doguwar kujerar falon Mai Firji, mai cin mutum uku, suka hau da ita bene hawa huɗu. A kwanar hawa na uku ta maƙale, suka yi rabin awa suna "ɗaga ta can" da "a'a, kai ka sauke." Bayan kujera aka kawo kafet. Bayan kafet aka kawo talabijin mai faɗin ƙofa, wadda mai ita ya kawo gyara ya gudu ya bari don ba ta gyaruwa. Ƙarshe aka kawo firji mai ƙofa biyu, shi ma matacce, aka tsayar da shi daidai inda rufi ke ɗiga, aka ɓoye bokitin a kansa ta baya. Malam ya sayo fenti da kuɗin motarsa na mako, ya shafe baƙin bangon tas. Katifun yara aka naɗe aka kai ɗakin Mai Firji.

Ina tsaye ina ta surfa masifa, ina cewa ranar wanka ba a ɓoye cibi. Amma Allah na tuba, kada in ɗora masa duka. Da na ga ɗakin ya yi kyau, sai na ga tsofaffin kofunanmu sun zama abin kunya a kan wannan kafet. Da ƙafata na sauka na aro na matar Mai Firji masu bakin zinare. Kuma baƙuwa za ta shigo gidana ta fita da ruwa kawai? Na soya kaza guda, na sayo lemo da biskit, cefanen kwana huɗu ya tafi a faranti ɗaya. Ina yi ina zagin kaina, amma ban fasa ba.

Ƙarfe huɗu daidai ta ƙwanƙwasa. Mace ce mai ɗan shekaru, da fayil a hammata, takalminta ya cinye ta gefe ɗaya, tana haki saboda bene. Malam ya tarbe ta cikin kwat ɗinsa na hedimasta, har da biro biyu a aljihu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi kujera, ta dubi talabijin, ta dubi firji, sannan ta sake duba lambar ɗakin a fayil ɗinta. Nan ya kamata mu gane, amma Malam sai ya ɗauka burge ta aka yi, ya kashe mini ido.

Ta zauna ta fara tambaya, Tafinta tana fassarawa.

"Baba, ta ce kuna samun matsala wajen biyan haya?"

"Ce mata ko kaɗan. Ba mu taɓa ƙetare rana ba."

Gaskiya ne ba mu taɓa ba, amma bai ce da me muke kwana a makon ƙarshen wata ba.

"Ta ce abinci fa, yana isa?"

Ya nuna kazar da hannu yana murmushi. "Gani ya kori ji."

Tafinta ta kalle ni. Ni kuma ina can ina fama da Auta, ƙaninta ɗan shekara biyar, wanda tun safe yake zagaya firjin nan yana son ya ga abin da ke ciki. Ya kai hannu, na damƙe shi na sa a cinya ina yi wa baƙuwa murmushi. Da na bar shi ya buɗe, da ta ga babu komai sai tsohuwar jarida da warin rufi, da an huta. Ni da hannuna na hana.

"Ta ce akwai wani abu da kuke buƙata wanda ba ku da shi?"

"Alhamdulillahi. Ce mata mu mutane ne masu tsari."

Muryar yarinyar nan ta yi ƙasa sosai da take fassara wannan. Matar ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta kurɓi lemo don kada ta ba mu kunya, ta yi godiya ta tafi. Malam ya tuɓe kwat ya ce, "Kun gani? Ko tambaya ta biyu ba ta yi ba." Washegari aka sauke kaya, kujera ta sake maƙalewa a hawa na uku.

Kwana goma wasiƙa ta zo. Tafinta ta karanta a tsaye, ta ninke, ta ajiye a kan tabarma, ta shige bayan labule. Sai da na bi ta na matsa mata ta faɗa. An duba an ga iyalin ba sa cikin masu buƙata. A biya kuɗi kafin ƙarshen wata, ko a ba wani gurbin.

Ban san na iya faɗa haka ba sai ranar. Na ce masa ga lambar yabonsa nan ta iso, ya rataya a wuya. Na ce zanen aro ba ya rufe katara, amma namu ya rufe har ya shaƙe 'yarmu. Na ce ya wanke bas ɗari a mako don yarinyar nan ta yi karatu, sannan ya zo da kujerar wani ya zauna a kan karatun. Ya ce ai ni na soya kaza. Na ce na soya, kuma in an sake shi kansa zan soya. Ya ɗauki wasiƙar ya daɗe yana kallonta, alhali ba ya iya karanta ko rabinta.

Da safe na ja Tafinta muka tafi ofishin. Muka yi awa biyu a layi kafin mu ga matar. Na ce wa Tafinta ta faɗa mata komai, kada ta rage: kujera ta aro, firji matacce, talabijin matacciya, kofuna ma ba namu ba. Matar ta cire tabarau ta dafe goshi. Ta ce shekararta ashirin tana wannan aiki, ta ga masu ɓoye mota a layin baya, ta ga masu kai talabijin gidan maƙwabta, amma ba ta taɓa ganin wanda ya hau da firji hawa huɗu don a hana shi taimako ba. Na ce yau ta gani. Ta ce ana iya ɗaukaka ƙara sau ɗaya tak. Za ta dawo ba tare da sanarwa ba, kuma dole mai albashin da kansa ya faɗa a gabanta cewa abin da yake samu ba ya isa, ya sa hannu.

Na kawo wa Malam saƙo. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Mako guda mutumin nan yana fita yana dawowa kamar baƙo. Ko takalman yara ya daina yi wa gyaran murya. Na yi rarrashi, na yi gori, na yi gaba ta kwana biyu, ko a jikinsa. Kwanaki suna tafiya, Tafinta ta daina zancen makarantar gaba ɗaya, wannan kuma ya fi komai ci mini rai. Abu ɗaya ne ya tsaya a bayana a gidan nan: danshin bango. Cikin kwana takwas ya huda fentin Malam ya fito, har ya fi da.

Ranar Litinin da la'asar ina wanki a banɗaki na ji hayaniya a bene. Na leƙa sai ga ma'aikaciyar tana hawowa da fayil ɗinta, a bayanta kuma Mai Firji ya rungumo matasan kujera guda biyu yana ƙoƙarin wuce ta.

"Maman Auta, ki ɗan tsayar da ita a ƙofa! Minti biyar, yanzu zan kawo sauran!"

"Wallahi ka ƙara taku ɗaya da matashin nan, da kai da shi zan gangaro da ku ƙasa!"

"Taimako ne fa."

"Taimakonka ne ya kai mu nan. Koma!"

Ya juya yana gunaguni wai duniya ba a san mai kirki ba. Matar ba ta ji Hausa ba, amma na ga tana danne dariya.

Ta shigo ta tarar da mu yadda muke. Katifu biyu a jingine, igiyar shanya ta ratsa ɗaki, bokiti yana karɓar ɗigo. Babu wurin zama, sai na kife bokitin fentin Malam na shimfiɗa masa ɗankwali. Ta zauna a kai. Kunya ta kama ni har wuya, ba zan ɓoye ba, amma na cije. Ana haka ƙofa ta buɗe, Malam ya shigo da takalmin roba da rigar leda, wandonsa jiƙe har gwiwa, yana warin sabulun mota. Ya gan ta ya tsaya. Na ga idonsa ya tafi kan ƙusar da kwat ke rataye, ya dawo.

Aka gaisa. Ta buɗe fayil ta yi tambayar, Tafinta ta juya.

"Baba, ta ce albashinka yana isar ku haya da abinci da makaranta?"

Ya harɗe hannu a baya. Na ce a raina shi ke nan, an koma taron safe.

"Ce mata mun gode wa Allah. Ce mata kowane gida da irin nasa lissafin, kuma mutum ba ya..."

"Baba." Ba ta taɓa katse shi ba tun da aka haife ta. "In na faɗa mata haka, ba ni da makaranta. In faɗa?"

Ni dai na riƙe bakina da ƙyar, don na san in na buɗe shi za a kwana ana yi. Malam ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta.

"Ɗauki ƙaninki ku sauka ƙasa," in ji shi.

"To wa zai fassara?"

"Wannan ba aikinki ba ne. Jeki."

Ta ja hannun Auta suka fita. Ya jira har ƙarar takalminsu ta yi nisa a bene. Sannan ya sauke hannayensa daga baya, ya juya ga matar, ya yi magana da harshen ƙasar, shi da ko burodi zai saya sai ya nuna da yatsa. Jimla uku ce, a hankali, kowace kalma daban kamar mai taka ƙaya. Ni ma da nake tsintar harshen kaɗan-kaɗan na gane. Albashina ba ya isa. Ba zan iya biya wa 'yata makaranta ba. Ina roƙon a taimake ta.

Matar ta miƙa masa takarda da biro. Ya goge hannunsa a riga, ya duba wurin da zai dafa, babu tebur. Ya dafa takardar a bango, daidai kan baƙin danshin, ya sa hannu, irin sa hannun nan nasa mai doguwar jela da yake yi a kan sakamakon ɗalibai. Da ya gama sai ya juyo gare ni.

"Ba za ki ba baƙuwa shayi ba?"

Oh ni! Na dafa, na zuba mata a kofinmu ɗaya da bai tsage ba. Wannan karon ta shanye tas.

Amsa ta zo saura kwana uku wata ya ƙare. An yafe kuɗin, har da na littattafai. Tafinta ta yi tsalle har maƙwabcin da ke ƙarƙashinmu ya bugo rufinsa da sandar tsintsiya, daga baya kuma Mai Firji ya hawo yana cewa ai ya san za a dace, tun ranar da aka hau da kujera ya ji a jikinsa. Malam ya ce dama ya faɗa, tsari suke nema. Na buɗe baki zan ba shi amsa, na ga ba ni da ƙarfin sabon faɗa.

Ranar Asabar ina wanke masa kayan aiki, na zura hannu a aljihun rigar ledar kamar yadda na saba, don yakan manta tikitin mota a ciki. Na ciro wata takarda da ta sha ninki ta jiƙe ta bushe. Bayan takardar jadawalin wankin bas ce. Jimlolin nan uku ne a kai, wani ya rubuta masa su sau ɗaya a sama da rubutun da ban sani ba, wataƙila abokin aikinsa. A ƙasa kuma rubutun Malam ne, mai kyau, a jere, layi bayan layi har ƙarshen shafi, ya juya gefe ya ci gaba, kamar yadda yake sa ɗalibin da ya yi laifi ya rubuta. Ashe duk makon da nake gori ina gaba, abin da yake yi ke nan a lokacin hutunsa.

Na zauna a bakin bahon wanki na yi kukana, ina yi ina jin haushinsa, don da ya faɗa mini da ban ɓata bakina ba. Daga cikin ɗaki na jiyo shi yana gyaran murya. Tafinta ta gwada kayan makaranta, ya tsayar da ita yana duba farce da kwala, yana cewa safar hagu ta fi ta dama tsawo.

Na ninke takardar na sa a ƙasan akwatina, inda ba ya dubawa. Sannan na fito na zubar da bokitin, don ya kusa cika.